Wasan kwaikwayon daren Sallah ya sa Baffa ya mayar mana da nama

Yayar Gida (Birni):
Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana. Shawara nake nema, kuma a yi haƙuri da tsawon rubutun.

Gidanmu babban gida ne a unguwar Birni, cikin Damagaram. Mahaifinmu ya rasu, ƙanensa da muke ce wa Baffa shi ne uba yanzu, ko da yake a Sabon Gari yake zaune da iyalinsa. Duk babbar Sallah kowa gida yake dawowa, na Yamai, na Agadas, na Magarya, har da Gwaggonmu ta Mirya. Bana mun haura mutum 40 in an haɗa da yara. Kun dai san yadda ake yi: a sauko daga idi, a yanka, a feɗe, a banƙare ragunan jikin itace a kewaye wuta da su, rabo sai washegari. To wannan zaman jiran nama da dare shi ya haifar mana da wata al'ada, bana shekara 4 ke nan. Yara da samari sai su shimfiɗa tabarma biyu a tsakar gida su ce nan ne dandali, su dinga kwaikwayon mutanen gidan. Ba rubutu, ba gwaji. Wani daga cikin masu kallo ya jefa musu magana, misali "Gwaggo ta zo rabon nama", su kuma su kama daga nan.

Bana ɗana mai shekara 16 ne ya buɗe fili. Ya ɗaura zane, ya yafa mayafi, ya shigo a duƙe yana cewa "ni ba cin nama ya kawo ni ba, haƙoran ma ina suke", alhali idonsa na kan cinyar rago, har yana auna ta da tafin hannu. Gwaggo da kanta ta yi dariya har shayi ya zube mata a zane, ta jefe shi da takalmi ta ce ta fasa auren, mijin banza.

Sai autanmu ya miƙe, saurayi ne ɗan shekara 24. Ya ɗauki hular Baffa da ke ajiye kan turmi ya ɗora, ya kara waya a kunne, ya dinga zagaya ragon Baffa yana cewa "Alhaji ka ƙara haƙuri, ƙarshen wata, wallahi ƙarshen wata", yana waige-waige. Kowa ya san bashi Baffa ya ɗauko ragon bana, amma ba wanda ya taɓa furtawa. An yi dariya, ba zan ɓoye muku ba, har da ni. Baffa ya yi yaƙe, can ya ce hayaƙi ya sa masa ciwon kai, ya tafi ko hular bai karɓa ba.

Ashe wata ƴar ƙanwarmu tana ɗauka a waya. Ta tura a WhatsApp na dangi, wani ya fitar, kafin azahar ɗin washegari abin ya kai gidan surukan Baffa a Matamaye. Da sassafe Baffa ya aiko yaro ya ɗauke ragonsa. Cinyar da Hajiyarmu take aika masa duk shekara kuwa ta dawo yadda aka kai ta, ko faifan ba a ɗaga ba. Yau kwana 6. Autan ya je gaisuwa sau biyu, ana cewa ba ya nan, ga takalminsa a bakin ƙofa. Hajiya ta ce daga bana an kashe wasan nan a gidanta. Yara sai kuka.

Yaya za mu shawo kan Baffa? Kuma wasan, a bar shi ya mutu ke nan?

Ɗan Kabu-kabu:
Yaya, kafin manya su fara magana, ina hular take yanzu? 😂

Yayar Gida (Birni):
Tana nan rataye a ƙusa a ɗakin Hajiya. An rasa mai ƙarfin halin kai ta.

Mai Nasiha:
Hajiya ta yi daidai, Allah ya saka mata. Wannan ba wasa ba ne, izgili ne da giba aka yi wa kwalliya. Kuma namiji ya ɗaura zanen mace a daren Sallah, kuna zaune kuna tafi? A kashe shi kawai, yara su yi abin da zai amfane su.

Malama (Garin Malam):
Ƴar'uwa, sannu da wannan damuwa. Ayar da ta hana wasu su yi wa wasu izgili tana nan a Suratul Hujurat, aya ta 11, ta giba kuma na biye da ita, babu mai jayayya da wannan. Amma ni ban ga an zalunci Gwaggo ba. Tana zaune, a gabanta aka yi, ta ji daɗi, ta rama da takalmi. Wanda aka zalunta Baffa ne, don asirinsa aka tona, kuma bashi ba abin dariya ba ne ga mai iyali. Mutum ya runtse ido ya ɗauko rago don kada ƴaƴansa su tsaya kallon na maƙwabta, sai ɗan da ya kamata ya rufa masa asiri ya zama shi ne mai shela? Autanku ya ci amanar uba. Wannan shi ne laifin, kada a haɗa shi da na yaron da ya tsokani kakarsa. Maganar zane kuma, Mai Nasiha na da hujja a ciki, a bar ƴanmata su riƙa fitowa a matsayin mata, ai gidan ba a rasa su ba.

Mai Nasiha:
Malama, ƙofa ce. In an buɗe ta kaɗan, gobe ba a iya rufewa.

Ɗalibar Jami'a:
Don Allah a yi mini uzuri, ni yarinya ce a cikinku, amma ina ganin ana ɗora wa autan kaya fiye da ƙarfinsa. Mu fa ƴan Damagaram ne, garin wasan kara. A nan ake samun mutum ya yi shigar shugaban ƙasa, wani ta gwamna, wani ta sarki da dogarawansa, su yi tafiyarsu, su yi maganarsu, sau da yawa ma wanda ake kwaikwayon yana zaune yana kallo. In shugaban ƙasa zai daure, me zai sa Baffa ba zai daure ba? Kuma wasan barkwanci na Nijar har UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake tattali a 2014. Mu da aka san mu da wannan, sai mu kashe shi a cikin gidajenmu saboda mutum ɗaya ya yi fushi? Manyanmu wani lokaci suna son a yi dariya, amma da wani, ba da su ba.

Bakanon Zango:
Ah to, ga Damagarawa an fara. Ku dama fushinku a kusa yake kamar bindigar sarkinku na da Tanimu, a taɓa kaɗan sai ta tashi. A Kano da an yi wa mutum haka, dariya zai yi ya ce a ba shi kuɗin kallo ya rage bashin.

Ɗan Kabu-kabu:
Bakano, kai da kakanninka suka rufe ƙofofin gari da suka ji Sarkin Damagaram Kuran Daga na tafe, yau kai ne mai bakin magana? Ka biya kuɗin zama a Zango tukuna.

Bakanon Zango:
Shekarata 19 a garin nan, ruwan famfonku ma ban gama jira ba balle in biya wani abu. Amma bari in faɗi gaskiya guda, Yaya. Kin ga yadda ni da wannan ɗan babur muke zagin juna ba wanda ya ji haushi? Don akwai wasa tsakanin Kanawa da Damagarawa, mun gada ne, an yi yaƙi an gama aka mayar da shi raha. Da wani can ne ya ce mini matsoraci da ba mu kwashe lafiya ba. Wasa yana da masu shi. Autanku ya shiga gonar da ba tasa ba.

Tsohon Mushe:
Assalamu alaikum. Jikata ce ta nuna mini wannan zance, kuma ita ke rubuta mini, idona ya yi rauni. Na koyar a lakwal, wato makarantar boko, shekaru masu yawa, kuma na yi wasan kwaikwayo tun ina saurayi, don haka ku ba ni dama in ɗan ja magana.

Bayan Seyni Kunce ya karɓi mulki a 1974 aka farfaɗo da samariya, wato ƙungiyar matasa, kowace unguwa da tata. Bikin matasa na ƙasa na farko a nan Damagaram aka yi shi a 1976. Zamanin nan kusan duk saurayin da ke da baki ya taɓa hawa dandali. Su Yazi Dogo, wanda shi ma malamin lakwal ne, a garin nan suka yi tashe da ƴan wasan gidan rediyo, mu ƙanana muna koyi da su. Abin da yaran yanzu ba su sani ba, wasanninmu ba rubuta su ake yi kalma bayan kalma ba. Zama muke yi mu tsara ƙashin labari: wane ne zai shigo, me ya kawo shi, a ina za a rabu. Maganar kuwa a kan dandali take zuwa. In ka yi wasa ɗaya sau uku, sau uku za ka ji zance daban. To ka ga abin da yaran gidanku suke yi a kan tabarma ba baƙon abu ba ne, ƴata. Jininsa ɗaya da namu.

Amma muna da doka wadda ba a rubuta ba. Hali muke kwaikwaya, ba mutum ba. In muna so mu taɓa wani alhaji mai ɓoye hatsi sai ya yi tsada, ba ma sa rigarsa, ba ma kiran unguwarsa. Mu ba shi wani suna, mu ƙara masa tumbi da tsumma, mu canza masa sana'a. Yana zaune a layin gaba zai gane kansa sarai, jama'a ma su gane, amma an bar masa ƙofar fita. Zai iya dariya tare da kowa ya ce kai, wannan alhaji bai da kirki. Kunyar ta shige shi a ciki, mutuncinsa na waje bai zube ba.

Autanku hular ce ta kashe shi. Da ya ɗauki wata tsohuwar hula ya tsaya gefen wani rago daban, Baffa zai ji zafi, amma zai iya cewa ba da ni ake ba. Da ya ɗora hular mutum a kansa ya zagaya ragon mutum, ya toshe masa duk wata ƙofa. Ba abin da ya rage masa sai ya tashi ya tafi, kuma hakan ya yi.

Ke kuma ɗaliba, jikata, kin yi magana mai kyau amma kin tsallake wuri ɗaya. A wasan kara tafiyar shugaba ake ɗauka, da rigarsa, da yadda yake ɗaga hannu, da yadda masu tsaronsa ke muzurai. Abin da kowa ke gani a fili ne. Kin taɓa ganin an fito da wanda yake bin gwamna bashi? Kuma takardar UNESCO ba ta ba ɗa izinin wasa da ubansa ba. Wasan da suka rubuta yana da hanyoyinsa: jika da kaka, taubashi da taubashiya, Barebari da Fulani, Kanawa da mu. Ɗan Yayar Gida jika ne a wurin Gwaggo, ko tabarmarta ya ɗauke ba ta da ta cewa sai zagi. Autan kuwa ɗa ne a wurin Baffa. Tsakanin ɗa da uba kunya ce, ba wasa ba.

Ɗalibar Jami'a:
Na gode Baba, na karɓi maganar hula, ban taɓa kallon abin ta nan ba. Amma ina da tambaya. In haka ne, iyaye maza ba mai taɓa su ke nan har abada? Su ne fa suka fi kowa abin kwaikwayo a gida. Babana in yana neman tabaransa gidan gaba ɗaya sai ya tashi tsaye, alhali yana goshinsa.

Tsohon Mushe:
Sai ki sa ɗan yayanki ya yi, shi jika ne. Ke ki tsaya bayan ƙofa ki koya masa. Haka ake yi tun da.

Mai Alkaki:
Ni dai kada a kashe wasan nan, don ni ya taɓa yi mini rana. Shekarun baya ni da abokiyar zamana mun yi wata biyu ba ma ga maciji, a kan ruwa. Kun san halin garin nan, famfo sai ya ga dama, wani lokaci sai ƙarfe 3 na dare zai kawo. Wadda ta riga tashi ta jera jarkokinta, ɗayar ta tarar ruwa ya ɗauke. Maigida kuma da an kai ƙara sai ya ce ku yi haƙuri da juna, ya juya ya ci gaba da barcinsa.

Ran ƙaramar Sallah da yamma muna zaune, ƴaƴanmu mata, nawa da nata, suka haɗa baki. Biyu suka fito da jarkoki suna sanɗa cikin duhun ƙarya, kowace na leƙen ɗakin ɗayar, suka yi karo a bakin famfo. Ƙaramar cikinsu ta kwanta gefe ta lulluɓa da babbar riga tana minshari, da an taɓa ta sai ta ce "ku yi haƙuri da juna" ta juya. Wallahi ni da matar nan muka haɗa ido muka fashe da dariya, karo na farko cikin wata biyu. Maigida bai ce uffan ba. Bayan kwana uku sai ga duro biyu an sauke a ƙofar gida, kuma ya ɗauki ɗan garuwa yana biya duk wata. Abin da na yi ta faɗa da baki bai shiga ba, yara sun shigar da shi kafin a kira magariba.

Mai Nasiha:
To ai ga shi nan, ƴaƴa sun yi wa ubansu izgili kina yabawa.

Malama (Garin Malam):
Malam, hannunka mai sanda suka yi masa, kuma hakkin iyali ne ya fito. Bai yi fushi ba, gyara ya yi.

Tsohon Mushe:
Hajiya mai alkaki, labarinki ya ɗan karya mini doka, na yarda. Ƴaƴa ne suka taɓa uba kuma aka wanye lafiya. Amma ki duba: barci suka kwaikwaya, ba talaucinsa ba. Abu ne da yake da ikon gyarawa da safe. Baffa ba shi da ikon biyan kuɗin rago a daren nan ko da ya so. Sannan ku nawa ne a gidan? Mutum goma? Ba wanda ya fita da shi waje.

Na Yamai:
A nan ne ni zan saɓa da ku. Kowa na ɗora laifi kan waya. Ni shekara 3 ban yi Sallah a gida ba. Daga nan zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne, kuɗin mota ni da mata da yara huɗu zuwa da dawowa ya fi kuɗin ragona. Hotunan nan da ake turowa su ne Sallata. Hawan sarki, hawan ƙaho da mahauta ke yi a ƙofar fada, yaran gidanmu suna shirme a tsakar gida, duk a waya nake ganinsu in nuna wa ƴaƴana in ce ga garinku. In kun hana ɗauka, mu na nesa kun yanke mu. Yarinyar da ta ɗauka ba ta yi don sharri ba, dangi ta tura wa.

Yayar Gida (Birni):
Gaskiya ne, ba ta yi da mugun nufi ba, tun ranar take kuka. Amma a cikin dangin da ta tura wa akwai mutum sama da 60, wasu ko sunansu ban sani ba, matan ƴan'uwa da ƴan'uwan matan. Har yau ba mu san wanda ya fitar ba.

Ɗan Kabu-kabu:
Magana zarar bunu ce, to bidiyo zarar rufin ɗaki ne gaba ɗaya. A fadarmu muna yin irin wannan kullum in an ɗora shayi, mu kwaikwayi fasinja mai cewa "kusa ne" sai ka tsinci kanka a hanyar Tanut. Amma duk wanda ya ɗaga waya shi zai sayi sukari na sati.

Ɗalibar Jami'a:
Yaya na Yamai, akwai tsaka-tsaki. Mu a ƙungiyarmu ta wasa a makaranta mutum ɗaya ke ɗauka, kuma ba a turawa sai wanda aka kwaikwaya ya gani ya yarda. Kafin mu fara kuma muna faɗin abin da ba a taɓawa: bashi, rashin haihuwa, sakin aure, ciwo, da wanda ya faɗi jarrabawa. Sauran duk halal ne. Kuma wani abu da nake ta tunani tun ɗazu, laifin ba na autan kaɗai ba ne. A irin wannan wasa in abokinka ya kauce hanya, ba tsayawa kake yi kana kallo ba, shiga kake yi ka juya labarin. Mutum 40 suna zaune ba wanda ya shiga.

Tsohon Mushe:
Yawwa jikata, yanzu kin zo gida. Wannan ita ce sana'ar. Ba a ce wa abokin wasa "ƙarya ne" ko "tsaya" a kan dandali, don wasan zai mutu kowa ya ji kunya. Karɓar abin da ya miƙo maka kake yi, ka ɗora naka a kai, ka kai shi inda kake so. Da ina wurin, rawani zan naɗa da zanen gado in shigo a matsayin mai ragon, in ce "Alhaji, kai nake ta nema, ai kuɗin da ka aiko sun yi yawa, ga canjinka, kuma don Allah ka daina biyan mutane tun kafin su tambaya." Sai dariyar ta koma kan mai hular, Baffa ya fita da girmansa har da ƙari. Mun sha yin haka. Akwai ranar da wani abokin wasanmu ya zarme ya fara kwaikwayon tafiyar wani babba mai ɗingishi da ke zaune a wurin. Nan take ɗayanmu ya shigo da gudu ya durƙusa ya ce ranka ya daɗe tsaya in cire maka ƙayar, ya yi kamar ya zare ta daga tafin ƙafarsa, dole ya miƙe ya yi tafiya daidai. Bayan an tashi muka yi masa wankin babban bargo a bayan fage, amma jama'a ba su san an yi kuskure ba.

Yayar Gida (Birni):
Baba, wannan ta taɓa ni, don ni ce babba a cikin masu dariyar. To yanzu ta ina za mu ɓullo? Autan ya ce zai rubuta masa saƙon ban haƙuri a waya.

Malama (Garin Malam):
A'a, kada ya soma. Waya ce ta ɓata, ba ita za ta gyara ba. Ya je da ƙafarsa, da wani babba a gaba.

Bakanon Zango:
Ni a ganina ku haɗa kuɗin ragon ku biya a ɓoye. In bashin ya tafi, rabin fushin ya tafi.

Mai Alkaki:
Kai Bakano, komai kuɗi! In suka biya yanzu ai sun ƙara tabbatar wa duniya cewa bai iya ba. Mari na biyu ke nan.

Tsohon Mushe:
Mai alkaki ta fi ka gaskiya, Bakano. Maganar kuɗi a ajiye ta sai ƙura ta lafa, kuma in za a yi, Hajiya ce za ta san hanyar, ba yara ba. Ƴata, ina tambaya: Baffanku ba shi da taubashiya a raye? Ƴar gwaggonsa ko ƴar kawunsa? Ita za ku nema. Aikin taubashi ba tsokana kaɗai ba ne, shi ake turawa inda kowa ke tsoron shiga, don ba a fushi da shi, kuma ba a mayar masa da roƙo. Ku ba ta hular. Ga watan cika-ciki ya kusa, lokacin da taubasai ke bin juna kuɗin shara, tana da dalilin zuwa ba sai an ce aiko ta aka yi ba. Autan ya bi ta a baya, ya tsaya a zaure, kada ya shiga sai an kira shi. In an kira shi ya durƙusa ya ce na yi kuskure, ya yi shiru. Kada ya ce "wasa nake yi". Wannan kalmar ita ke ƙara wa mutum zafi.

Yayar Gida (Birni):
Akwai ta kuwa! Wata Inna a Garin Malam, ƴar kawunsu ce, bakinta ko reza albarka. Ban san yadda aka yi ba mu tuna da ita ba.

Na Yamai:
In za a je a ɗauko mana bidiyo.

Mai Kula da Zaure:
Na Yamai, gargaɗi na farko 😄 Mai Nasiha, na goge saƙonka na ƙarshe, a yi muhawara ba tare da kiran iyayen mutane ba.

Yayar Gida (Birni):
Jama'a na dawo da labari, jiya aka je. Inna ba ta jira watan shara ba, ta ce ƙafarta ba ta da tabbas, gara ta karɓi nata tun yanzu. Ni na raka ta, autan yana zaure.

Ko sallama ba ta gama ba ta ɗora hular a kan ɗankwalinta ta shiga har ɗakinsa. Ta ce ta ji labari bawanta ya yi arziki har yana mayar da cinyar rago, to ita ta zo karɓa, kuma daga yau duk naman da ba ya so a kai Garin Malam. Ya ce wa ya ce shi bawanta ne, ita ce dai baiwar, suka yi ta yi kamar yara. Ta ce kuɗin shara jaka biyu ko ta tafi da hular ta sayar a Kasuwar Dole. Sai da ya yi dariya, ta gaske, ya fizge hularsa. Daga nan ta sauke murya ta yi masa magana a kan marigayi babanmu, ban ji duka ba don na fita tsakar gida. Can aka kira autan. Ya yi yadda Baba Mushe ya ce. Baffa bai kalle shi ba, ya ce "tashi, Allah ya shirya", shi ke nan. Da za mu tafi matarsa ta biyo ni ta ce abin da ya fi ci masa rai ba yaron ba ne, surukinsa ne da ya kira daga Matamaye yana tambaya ko a aiko masa da taimako.

Cinyar dai tuni Hajiya ta sa aka soya don kada ta lalace. Na ce ko a sake kai masa, Inna ta ce a'a, nata ne, da shaidu. Sai muka zuba masa dambun nama da alkaki a wani kwano, wannan bai dawo ba.

Maganar wasa kuwa Hajiya ba ta janye ba. Na karanta mata abin da Baba Mushe ya rubuta, ta saurara har ƙarshe, ta ce ita ma ta kalli wasan samariya da ƙuruciyarta, amma a bari sai ƙaramar Sallah ta ga hankalin kowa. Gwaggo kuma ta aiko daga Mirya wai an ce akwai bidiyonta, me ya sa kowa ya gani ban da ita.

Tsohon Mushe:
Alhamdu lillahi. "Allah ya shirya" daga bakin uba ba kaɗan ba ne, sauran sai a hankali. Autan ya riƙa zuwa gaisuwa duk Juma'a ko ba a sake masa fuska ba. In Hajiya ta yarda da ƙaramar Sallah, ku kira ni in Allah ya kai mu, in zo in zauna da yaran kwana biyu kafin nan. Ina da tsofaffin huluna guda uku da ba na kowa ba.

Ɗalibar Jami'a:
Baba, ni ma a sa da ni don Allah, zan zo da ƙawayena biyu.

Mai Alkaki:
Yayar Gida, alkakin da kuka kai wa Baffa a ina kuka saya? Don ban ga kin zo wurina ba.

Ɗan Kabu-kabu:
Ni kuma wa zai biya ni kuɗin kai Inna Garin Malam? Ta hau da cinya guda a ƙunshe, ta sauka ta ce in bi Baffa.